Littafin Bature Da Yaron Anguwan Rogo

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota ta hanyar Bauchi a garin Jos ya san mazaunin Jami'ar Jos. Jami'ar nan ta fara ne a shekarar 1971 a matsayin reshen Jami'ar Badun, sa'an nan ta tsaya da ƙafarta a 1975. A bayan katangarta kuwa akwai Anguwan Rogo, wadda Bakano zai kira Unguwar Rogo, amma mutanen Jos ba su san ta da wannan suna ba. Unguwa ce mai cunkoson jama'a da matsattsun lunguna, ga makarantun allo da na Islamiyya, ga yara ko'ina. Jami'ar Jos tana daga cikin jami'o'in ƙasar nan da ke koyar da aikin jin daɗin jama'a, watau aikin waɗanda ake turawa su duba halin marayu da kangararrun yara da iyalan da rigima ta shiga tsakaninsu. Tsakanin ɗalibin da ke karanta yadda ɗan Adam yake girma da yaron da ke girma a Anguwan Rogo tafiya ce ta 'yan mintoci kaɗan. Amma abin da littafin ɗalibin ya faɗa game da yaro, da abin da yaron yake ciki, wani lokaci sai ka ce Gabas da Yamma.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi Araba a Ikko, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anaca, yana iya cewa ina ruwansa da karatun 'yan jami'a. Ruwansa kuwa har da tsaki. Da yawa daga cikin masu fataucin goro da shanu da tumatir da dankalin Turawa sun bar mata da 'ya'ya a gida, sai ƙarshen wata a aika da kuɗin cefane, sai Salla a leƙo. Ran da aka ce an kama yaro a cikin 'yan sara-suka, ko an tsinci yarinya da farantin talla da dare, ko aure ya mutu ana jayayya a kan wanda zai riƙe 'ya'ya, to, ma'aikacin jin daɗin jama'a yana daga cikin waɗanda za a nemi su je su duba gidan su rubuta rahoto. Rahoton nan yana iya sa a sallami yaro ya koma hannun iyayensa, yana kuma iya sa a kai shi gidan horon yara. Uban yana can kudu bai sani ba. Ma'aunin da ma'aikacin zai auna gidan da shi kuwa, a aji aka ba shi.

Tun asali aikin nan baƙo ne. A lokacin yaƙin Hitila, farkon shekarun 1940, gwamnatin Turawa ta naɗa wani Bature, Donald Faulkner, ya kula da yaran da ke gararamba a titunan Ikko. A 1943 aka yi dokar yara da matasa, wadda ta kafa kotun yara, ta kuma sa hannu a kan tallan yara, musamman mata. Jihar Arewa ba ta yi irin tata ba sai 1958. Gwamnatin Janar Gowon ta fito da doka mai lamba 12 ta 1974 a kan raya jin daɗin jama'a, Jami'ar Nsukka ta fara koyar da fannin a 1976, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna kuma ta daɗe tana horar da ma'aikatan jihohin Arewa. A watan Disamba na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar kafa majalisar da za ta riƙa yi wa masu wannan aiki rajista. Ke nan aikin ya sami gindin zama, maganar ma'aikacinsa kuma za ta ƙara nauyi a gaban alƙali.

A cikin darussan da ake ba ɗalibi akwai guda wanda shi ne ginshiƙi: halayyar ɗan Adam da muhallin da yake zaune a ciki. A nan ne zai haɗu da manyan masana. Akwai Jean Piaget, mutumin Suwizalan, wanda ya raba girman tunanin yaro hawa huɗu, ya kuma yi wani sashe babba na nazarinsa a kan 'ya'yansa uku na cikinsa. Akwai Erik Erikson, haifaffen Jamus wanda ya koma Amurka, wanda a 1950 ya raba rayuwar mutum daga haihuwa zuwa tsufa hawa takwas, kowane hawa da gwajin da ke cikinsa. Akwai John Bowlby na Ingila, wanda a rahotonsa na 1951 ga Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa raba jariri da uwarsa yana yi masa illa mai daɗewa. Akwai Abraham Maslow da tsaninsa na bukatu, na 1943, wanda ya fara daga ci da sha ya ƙare a kan cikar burin mutum shi kaɗai. Babu mai hankalin da zai raina waɗannan mutane. Amma fa yaran da suka gani su ne yaran da suka gani. Wani bincike da aka yi a 2008 a kan manyan mujallun ilmin halayyar ɗan Adam ya nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, alhali kuwa ƙasashen nan ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na jama'ar duniya ba.

To, a ɗauka an tura wata sabuwar ma'aikaciya, mai digiri da kyakkyawar niyya, wani gida a Anguwan Rogo. Ta yi sallama ta shiga, ta tarar da matar gida ƙarama da ɗanta na fari. Ta tambayi sunan yaron, uwar ta sunkuyar da kai ta ƙi faɗa, sai kishiya ko ƙanwar miji ce ta amsa. Yaron ya faɗi ya yi kuka, uwar ba ta motsa ba, kakarsa ta ɗauke shi ta goya. Da aka zo maganar yaye, aka ce ai za a kai shi wurin gwaggonsa ta riƙe shi. Me ma'aikaciyar za ta rubuta? In littafin Bowlby kaɗai ta sani, za ta ce uwar ba ta shaƙu da ɗanta ba, yaron yana cikin haɗari. Duk wata tsohuwa a lungun kuwa za ta gaya mata cewa kunyar ɗan fari ce, yarinyar tana nuna an yi mata tarbiyya. Wadda za ta rungume ɗan fari tana kiran sunansa a gaban surukai, ita ce da za a yi ta surutu a kanta.

Abin takaicin shi ne wannan ba sabon ilmi ba ne, kuma rubuce yake. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihinta, aka buga a 1954, ta yi bayanin kunyar ɗan fari da riƙon 'ya'yan dangi dalla-dalla. A 1977 wasu masana daga Amurka, cikinsu har da Robert LeVine da Sarah LeVine, sun buga sakamakon nazarin da suka yi a kan jarirai 18 a wani gari na ƙasar Hausa. Sun tarar kowane jariri yana da masu reno kamar huɗu, ya kuma shaƙu da uku ko huɗu daga cikinsu, ko da yake akwai guda da ya fi shaƙuwa da ita, watau wadda ta fi ɗaukarsa. Yaran ba su nuna alamar rashin gata ba. Ita kanta Sarah LeVine, wadda ta sami horon duba lafiyar tunanin yara, ta ba da labarin yadda hankalinta ya tashi da ta fara ganin iyaye mata Hausawa suna kawar da kai daga jariransu, kafin daga baya ta gane cewa ma'aunin da ta zo da shi ne bai dace ba. In Baturiya ta iya gyara littafinta bayan ta zauna a ƙasar Hausa, ina dalilin da zai sa ɗan ƙasa ya haddace littafin ba gyara?

Haka maganar talla. Enid Schildkrout ta yi nazarin yaran birnin Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa matar kulle da ke yin ƙosai ko fura ko ɗinkin hula ba ta da wata hanyar kasuwa sai ta ƙafar 'ya'yanta, daga ribar tallan ne kuma ake tara kayan ɗakin yarinyar. Ma'aikacin da bai san wannan ba zai ƙwace faranti ya yi wa uwa faɗa ya tafi, gobe faranti ya sake fita, don ba a taɓa dalilin fitarsa ba.

Amma kada mai karatu ya zaci abin da ake nufi shi ne a jefar da littafi a ce al'ada ta wadatar. Akwai masu son jin haka, kuma su ne suka fi cutar da yara. Kano ta 1970 ba Jos ta yau ba ce. Yarinyar da ke talla a lungun da kowa ya san ubanta daban take da wadda ke bin motoci a tasha bayan isha'i. Riƙon da gwaggo take yi don zumunci daban yake da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye da sunan riƙo aka mai da ita baiwa. Almajirin da mahaifinsa ya damƙa wa malami tare da buhun hatsi, yana kuma zuwa dubiya, daban yake da wanda aka sauke daga mota aka manta da shi. Bowlby yana da gaskiya a kan abu ɗaya wanda ba ya canzawa ko a ina: yaro yana bukatar wani babba da ya san nasa ne. In babban nan kaka ce ko gwaggo, madalla. In kuwa babu kowa, to, kiran abin da sunan al'ada ba zai hana yaron lalacewa ba. Aikin ma'aikaci shi ne ya iya rarrabe biyun nan, wanda bai san al'adar ba kuwa ba zai iya ba, haka nan wanda bai san littafin ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne a kan samari. Erikson ya ce babban gwajin saurayi shi ne ya san ko shi wane ne, ya kuma ce jama'a takan ba shi 'yan shekaru na sararawa ya gwada wannan ya gwada wancan kafin ya tsai da hanya. Wane sarari ne yaron Anguwan Rogo yake da shi? Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yana garejin gyaran mota ko yana dako a kasuwar Farin Gada. Tambayar ko shi wane ne kuwa, ba a zuciyarsa kaɗai take ba, a ofishin ƙaramar hukuma take. Kakansa na iya zama ya zo Jos tun zamanin haƙar kuza, uban a nan aka haife shi, shi ma haka, amma ran da ya je neman takardar shaidar zama ɗan asalin wuri don shiga makaranta ko aikin soja ko ɗan sanda, sai rigimar ɗan ƙasa da baƙo ta tare shi. Rigimar nan ta ƙara zafi tun da gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, ta kuma fara zubar da jini a watan Afrilu na 1994. Mai karatu da ya haifi 'ya'ya a Sabon Badun, unguwar da aka kafa tun 1916, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Shi ma ɗansa a can ba ɗan gari ba ne, in ya zo Arewa kuma a ce ɗan kudu ne.

Daga cikin masanan da ake karantawa, wanda ya fi kusa da gane irin wannan hali shi ne Urie Bronfenbrenner, wanda a littafinsa na 1979 ya ce ba a fahimtar yaro sai an dubi da'irorin da ke kewaye da shi, ɗaya cikin ɗaya. Ta ciki ita ce gida da makaranta da abokai. Sai yadda waɗannan suke hulɗa da juna. Sai wuraren da yaron bai taɓa takawa ba amma suna juya rayuwarsa, kamar wurin aikin ubansa. Sai dokoki da aƙidun ƙasa baki ɗaya. Daga baya ya ƙara da zamani, watau abin da ya faru a lokacin da yaron yake tasowa. A ɗora wannan a kan Anguwan Rogo a gani. In kasuwar Mile 12 a Ikko ta rufe saboda rikici, kamar yadda ya faru a 2016, tukunyar wani gida a Jos ce ba za ta hau wuta ba. Da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, 'yan kasuwa masu ɗimbin yawa suka wayi gari ba jari, 'ya'yansu kuma suka ji a jikinsu. Da ruwa ya yi ambaliya a watan Yuli na 2012, unguwannin talakawa na bakin rafi ne suka yi asarar rayuka da gidaje, irin su Rikkos da Gangare da ita Anguwan Rogo.

Sai kuma zamani. Ran 7 ga Satumba 2001 rikici ya ɓarke a Jos, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce fiye da mutum 1,000 suka mutu cikin kwana shida. A ƙarshen Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, aka sake yi, aka rasa aƙalla mutum 700, ƙungiyar kuma ta lissafa fiye da 130 da ta ce jami'an tsaro ne suka harbe su ba bisa ƙa'ida ba. A Janairu 2010 aka kuma. Gaskiya ɗaya ce, ko da za ta yi ɗaci: kafin 2001 akwai Kiristoci da ɗalibai da ma'aikatan jami'a masu yawa a Anguwan Rogo, an kashe wasu a nan, sauran suka gudu suka bar gidajensu, kamar yadda aka kashe Musulmi aka kuma kore su daga unguwannin da Kiristoci suka fi yawa. Gari ya rabu biyu. Jaririn da aka haifa a makon rikicin farko yanzu ya haura shekara ashirin, wataƙila ma ya yi aure, kuma yana iya yiwuwa bai taɓa zama aji ɗaya da Kirista ba, bai taɓa cin abincin Kirsimeti a gidan maƙwabci ba, kamar yadda takwaransa na Anguwan Rukuba bai taɓa karɓar naman layya ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗaya shi ne labarin da aka ba shi na ranar gudu. In aka kawo irin wannan saurayi gaban ma'aikaci saboda shan kodin ko ɗaukar wuƙa, aka buɗe littafi aka ce ya kasa tsallake hawa na biyar na Erikson, ba a yi ƙarya ba, amma ba a faɗi komai ba.

Wani abin lura kuma yana nan cikin Jos ɗin. Unguwar Daɗin Kowa, inda Musulmi da Kirista suke cuɗe, ba ta ƙone ba a manyan rikice-rikicen nan. Wata masaniya, Jana Krause, ta bi diddigin dalili a littafinta na 2018, ta tarar dattawa da shugabannin addini da ƙungiyoyin mata ne suka tsare samarinsu, suka kuma hana na waje shigowa. Talauci ɗaya, gari ɗaya, gwamnati ɗaya, amma abin da ya kewaye yaro ya bambanta. Ɗalibin Jos ba ya bukatar misali daga Shikago alhali ga wannan a ƙofar gidansa.

Hanyar gyara kuwa a buɗe take. A watan Disamba na 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fito da sabon tsarin manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin ɗari ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Kashi talatin ɗin nan ya isa. A sa Baba ta Karo kusa da Bowlby. A sa Bame Nsamenang, masanin nan ɗan Kamaru, wanda a 1992 ya nuna cewa a Afirka ana auna girman yaro ne da irin nauyin da ake iya ɗora masa, tun daga aike zuwa renon ƙanne. Bahaushe ma ai haka yake aunawa. Yana da suna a rana ta bakwai, da yaye wajen shekara biyu, da kaciya da umurni da salla wajen shekara bakwai, da lokacin da ake cewa yaro ya yi hankali, da saukar karatu, da aure, wanda sai da shi ake kiran mutum magidanci ko da furfura ta fito masa. A sa laccar Kirk-Greene da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki, inda ya jero gaskiya da amana da karamci da haƙuri da hankali da kunya da ladabi da mutunci da hikima da adalci. Ƙololuwar tsanin Maslow mutum ne shi kaɗai ya cika burinsa. Ƙololuwar na Bahaushe kuwa mutum ne da jama'a suka shaida. Berom da Afizere da Anaguta su ma suna da nasu, a nemo a rubuta, don ɗalibi Bahaushe da za a tura Kabong shi ma baƙo ne a can. Mafi muhimmanci, kada a bar ɗalibi ya yi koyon aikinsa a ɓangaren garin da addininsa ya fi yawa kawai. A haɗa su biyu-biyu, a bi ta hannun mai unguwa da limami da fasto, Hukumar Samar da Zaman Lafiya ta Jihar Filato da aka kafa a 2016 ta tsaya musu.

Saura laifin gida. Mutanen Anguwan Rogo da 'yan'uwansu na kudu suna kukan cewa ma'aikatan da ake turo musu ba su san su ba. To, nawa daga cikinsu suka tura 'ya'yansu su karanta fannin? In yaro ya yi ƙoƙari a sakandare, sai a ce likita ko lauya ko injiniya, in ba haka ba ya zo shago. Aikin jin daɗin jama'a ana ganinsa aikin wanda ya rasa abin yi. Alhali kuwa namiji baƙo ba ya shiga gidan kulle, matar da ba ta jin Hausar cikin gida kuma ko ta shiga ba za a gaya mata gaskiya ba. Yarinyar da ta tashi a lungun, ta yi Islamiyya ta yi boko, ita ce za ta gane bambancin kunya da sakaci tun daga zaure. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar Arewa a Ikko da Badun da Fatakwal suna tara kuɗi don gina masallaci da kai gawa gida da karɓo belin 'yan'uwa. Kuɗin belin yaro biyu ko uku zai iya biya wa yarinya guda kuɗin makaranta na shekara, kuma ana cika takardar neman shiga jami'a ne a farkon kowace shekara.